FASHIN BAƘI: Itacen da ba a san sunansa ba a kan injin sassaƙa, da abin da yake janyowa a Wurno, Rabah da Goronyo

A ƙarshen daminar bara, lokacin da ake haɗa kayan ɗakin ƙanwata, ni aka aika kasuwa sayen turmi. Na tsallake turamen da aka sassaƙa da hannu, masu tabon gizago a jiki, na zaɓi wani ja mai sheƙi, sumul kamar kwalba, an zagaye ƙugunsa da zobba uku daidai wa daida. Aikin inji ne. Da na tambayi mai kayan ko wane icce ne, iyakar abin da ya iya gaya mini shi ne daga Kudu aka kawo shi kuma yana da ƙarfi. Bai yi ƙarya ba. Sai dai kafin hunturu ya fita turmin ya tsage daga baki har gindi, tsagar da gero ke zurarewa ta cikinta. Yanzu an kife shi a tsakar gida, yara ke zama a kai.

Asarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar mai kayan. A ƙasar da tsofaffin mata ke iya bambance turmin kirya da na ɗanya daga amon taɓarya, an wayi gari mai sayar da turmi bai san sunan itacen da yake sayarwa ba. Da na bi sawun lamarin sai na tarar ba shi kaɗai ba ne: sau da yawa wanda ya murza itacen a inji bai sani ba, wanda ya sayar masa da gungumen ma sunan kasuwa kawai ya riƙe. Wannan rashin sani shi ne tushen matsaloli da dama da ake ɗauka ba su da alaƙa da juna, daga tsagewar kaya da raunin da inji ke yi wa masu aiki, zuwa ciwon ƙirji da abin da ke shiga abincin mutane.

Ilimin da ke tsaye da ganye

Masassaƙin gargajiya na gabashin Sakkwato ba a wurin 'yan katako yake sanin itace ba. A tsaye yake saninsa, da ganyensa da ɓawonsa da irin ƙasar da ya fito a cikinta. Ya san kirya ce uwar turmi da taɓarya, domin nauyinta da taurinta, gara kuma ba ta cin ta da wuri. Ya san ɗanya tana da laushin sassaƙa, ta dace da akushi. Aduwa ta allo ce, marke na ƙota da dirka, giginya ta azara, maɗaci na jirgin ruwa da manyan kaya. Kuka kuwa, duk girmanta, ba a kai mata gatari don sassaƙa, cikinta kamar soso yake. Ya kuma san waɗanda ake kauce wa. Makiyayi ma ya san samberu na kashe dabbar da ta ci ganyensa.

Wannan sani gado ne, ana karɓarsa daga uba ko ubangida cikin shekaru, kuma bai tsaya ga suna ba. Ya haɗa da lokacin sara, da tsawon kwanakin da gungume zai yi a inuwa, da yadda za a rarake cikin turmi tun itacen na da sauran ɗanyantaka a bar shi ya bushe sannu a hankali, ana shafa masa mai. Duk wannan ya ginu ne a kan sharaɗi guda: masassaƙi ya ga bishiyar da idonsa.

Sharaɗin ne ya rushe, kuma ta fuska biyu.

Ta farko tsohuwa ce. Kirya bishiya ce mai jinkirin girma, ga shi kuma gawayinta ne maƙera suka fi so tun kaka da kakanni, masu gawayin sayarwa suka biyo baya. Gona ta ci daji, farin shekarun 1970 da 1980 ya kashe manyan itatuwa, garuruwa suka ƙaru, buƙatar itacen girki ta ninka. Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Goronyo ta Achida da Marnona, abin da zai fi gani shi ne dogon yaro da gawo da bagaruwa. Dogon yaron kansa baƙo ne, daga yankin Indiya asalinsa, a zamanin Turawan mulkin mallaka aka kawo shi Arewa.

Ta biyu ita ce tsaro. Dajin Gundumi, wanda ke tsakanin waɗannan garuruwa da ƙasar Isa, ba yau ya fara zama abin tsoro ba. A 1824 sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aika wa Baturen nan Clapperton rakiyar mahaya kafin ya ratsa shi zuwa Sakkwato. Amma a tsawon ƙarnin da ya wuce, irin waɗannan dazuzzuka su ne rumbun masassaƙa da masu itace. Yanzu sun koma mafakar 'yan bindiga. A watan Yulin 2018 an kashe mutane fiye da 30 a harin Tabanni, kusa da Gandi a ƙaramar hukumar Rabah. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Wata guda da 'yan kwanaki kafin wannan, a farkon Satumba, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar taƙaita matsalolin tsaro, wadda ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. An yi dokar ne don a toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samun kaya da labari, amma ga mai sassaƙa ma'anarta ɗaya ce da ta bindigar: daji ya rufe.

Mai sana'a ba ya zama. Wanda ba ya iya shiga daji sai ya nufi wurin 'yan katako, inda itace ke isowa a tirela daga jihohin tsakiya da na Kudu, an sare reshe, an feƙe ɓawo, an yanka shi murabba'i. Ba ganye, ba ɓawo, ba fure, ba 'ya'ya, wato babu ko ɗaya daga cikin alamomin da aka koya masa. Abin da ya rage shi ne launi da nauyi, sai sunan kasuwa irin su “jan katako” da “farin katako” da “mahogani”, sunayen da kowannensu ke iya ɗaukar bishiyoyi daban-daban masu hali daban-daban.

Abin da inji ya sauya

Injin murza itace ba sabon abu ba ne a duniya. Akwai zanensa a wani kabari na Masar da ya haura shekara 2,000, kuma har yau a kasuwar Marrakesh ta Maroko akwai masu juya itace da baka da igiya suna riƙe bakin cizal da yatsun ƙafa. Tsarinsa mai sauƙi ne. Ana danne gungume tsakanin ƙarafa biyu masu tsini, wani abu ya juya shi, mai aiki ya ɗora cizal a kan madogari ya riƙa matsawa da shi, itacen na kawo kansa ga kaifi. A sassaƙar hannu ƙarfe ke tafiya itace na zaune. A inji itace ke gudu, ƙarfe na tsaye. Daga nan ƙafafun gado da na kujera masu zobba suke fitowa, da taɓare da muciya da turamen da ke cika kasuwanni yanzu.

Yawancin injinan da ke hannun ƙananan masu sana'a ƙirar masu walda ce: ƙarfen gini, boris biyu, bel, fuli, da injin lantarki ko na fetur da ke ja. Ba laifi ba ne, hikima ce ta wanda ba shi da jari. Matsalar tana wurin gudu. A wutar Najeriya, injin lantarki irin wanda aka fi samu yana juyi kusan 1,450 a minti ɗaya, wani nau'in kuma kusan 2,900. Idan fulin inji da na sandar da ke riƙe itace girmansu ɗaya, da wannan gudun itacen zai juya.

Ga lissafin da ya kamata a rubuta a bangon kowace rumfa. Gungume mai faɗin santimita 30, wato inci 12, idan yana juyi 1,450 a minti, bayansa na gudun kilomita 82 ne a sa'a ɗaya. Masu wannan sana'a a Amurka da Turai suna da ƙa'idar da suka daɗe suna koyar da sababbin shiga: a ninka faɗin itace a inci da yawan juyinsa a minti, amsar kada ta wuce 6,000 zuwa 9,000. Ga itace mai inci 12, wannan na nufin juyi 500 zuwa 750. Ke nan 1,450 ya kusa ninki biyu na iyakar sama. Ƙarfin da ke neman yaga itace ya watsar da shi kuwa ba ninki biyu yake yi ba idan gudu ya ninka, ninki huɗu yake yi.

Itacen da mutum ya sani yana iya yi masa afuwa a wannan gudun, domin ya san inda yake ɓoye tsaga. Baƙon itace ba haka ba. Kirya busasshiya nauyinta na kusantar tan guda a kowace mita mai kusurwa shida, malaina kuwa kusan rabin haka. Hannun da ya saba da malaina, idan aka ba shi gungume mai nauyin kirya wanda nauyinsa ya karkata gefe guda, injin gaba ɗaya zai kama rawa, tsinin da ke riƙe da itacen ya kwance. Guntun da ya ɓalle daga irin wannan ba ya neman izini kafin ya sami fuska.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Fuli mai inci 3 a kan inji da mai inci 9 a kan sanda zai sauko da gudun zuwa kusan 480. Mai waldan da ya ƙera injin yana iya jera fuli biyu ko uku masu girma daban-daban, a riƙa sauya bel gwargwadon kaurin itace: mai kauri a hankali, siriri da sauri.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba za su faɗa da sunansa ba, domin ba su san shi ba. Hannun babbar riga, jelar rawani, carbi a wuyan hannu, laya mai igiya a wuya, duk abin da ke reto abincin inji ne. Itace mai juyawa idan ya kama zare ɗaya, kafin mutum ya kai hannu ga makunni ya naɗe sauran. Haka cizal da ake ƙerawa daga tsohon magagari: ƙarfen magagari tauri gare shi amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi farat ɗaya. Baƙon itace kuma shi ya fi jarraba ƙarfe. Tik yana da sinadari irin na yashi a cikin zarensa, wanda ke dakusar da kaifi cikin ɗan lokaci. Iroko, wanda Hausawa ke kira loko, yakan ɓoye dunƙulen abu mai tauri kamar dutse a cikinsa. Maɗaci da danginsa zarensu a harɗe yake, cizal marar kaifi ba ya yankarsa, fizgarsa yake yi.

Dalilin da turmina ya tsage

Wannan ɓangaren ya fi kowane sauƙin fahimta, kuma shi ya fi cin kuɗin jama'a.

Itace ko bayan an sare shi yana shan ruwa daga iska yana kuma mayarwa, har danshin jikinsa ya daidaita da na wurin da yake. Inda danshin iska ya kai kashi 80 cikin 100, kamar yadda yake a dazukan Ondo da Edo mafi yawan shekara, itace kan tsaya da ruwa kusan kashi 16 cikin 100 na nauyinsa. Inda danshin ya sauka zuwa kashi 20, kamar Sakkwato a tsakiyar hunturu, itacen zai ci gaba da bushewa har ya koma ƙasa da kashi 5. Saboda haka katakon da aka rantse ya bushe a Sapele, idan ya iso Wurno ɗanye ne.

Yayin da yake bushewa yana ƙanƙancewa, kuma ba daidai yake ƙanƙancewa ba. A tsawonsa kusan ba ya motsi. Daga zuciya zuwa ɓawo yana raguwa kaɗan. A kewaye kuwa yana raguwa kusan ninki biyu na haka. Turmi kuma daga gungume sukutum ake fitar da shi, zuciyar itacen na tsakiyarsa. Kewayen na son ya matse fiye da yadda cikin zai ba shi dama, sai ya yage. Shi ya sa tsagar turmi kan tashi daga baki ta nufi tsakiya, kamar an yanka kankana. Bakin gungume, inda zarto ya ratsa, yana fitar da ruwa fiye da gefensa sau goma ko fiye, don haka daga nan ɓarnar ke farawa.

Masassaƙin hannu yana kauce wa wannan ba tare da ya san lissafin ba, domin aikinsa na kwanaki ne, itacensa kuma a iskar garin ya girma. Inji yana gama turmi cikin sa'o'i, a goge da samfefa, a shafa mai sheƙi, a kai kasuwa washegari. Sheƙin yana rufe ido, ba ya hana ruwa fita. Wanda ya saya a watan Satumba ba zai ga komai ba sai Janairu, lokacin da mai kayan ya daɗe da cin kuɗinsa.

Masu murza akushi da kwanoni a ƙasashen da sana'ar ta bunƙasa suna yin aikin sau biyu. Su fara fitar da siffa su bar kaurin bango kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗin kayan, su shafe bakin da kakin zuma ko fenti, su ajiye a inuwa inda iska ba ta kaɗawa da ƙarfi, sai bayan watanni su mayar da shi kan inji su gama. Gane ko ya bushe ba ya buƙatar na'ura: a ɗora shi a sikeli duk mako a rubuta nauyin a jikinsa da alli, ranar da nauyin ya daina sauka ya gama. Abin da wannan ke buƙata shi ne jarin da zai iya kwanciya wata uku ko huɗu. A nan gizo ke saƙar, domin mai murza itace da ke sayen man janareta da cinikin jiya ba shi da wannan sararin. A ganina wannan ne ya sa shawarar ta fi dacewa da ƙungiya fiye da mutum ɗaya: rumfar busarwa guda ta masu sana'a goma.

Ƙurar da ba a ɗauka komai ba

Gizago ɓarɓashi yake zubarwa, manya-manya, su faɗi ƙasa mata su kwashe su hura wuta. Inji da samfefa ƙura suke tayarwa, mai laushi kamar garin bula, daidai saitin hancin mai aiki. A garin da ake shaƙar ƙurar hunturu wata uku a shekara, ba wanda ke ganin ta katako wani abu ce.

Likitoci sun daɗe da sanin ba haka ba ne. A shekarun 1960, a garin High Wycombe na Ingila, cibiyar ƙera kujeru, aka lura wani nau'in ciwon daji na cikin hanci, wanda ba kasafai ake ganinsa ba, ya yawaita a tsakanin masu aikin katako. A 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya ƙurar katako a rukunin farko, na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Haɗarin ya fi ƙarfi ga ƙurar itatuwa masu tauri, ciwon kuma yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya bayyana. A Birtaniya, tun 2020 doka ba ta yarda ƙurar irin wannan katako ta wuce miligiram 3 a kowace mita mai kusurwa shida ta iskar wurin aiki ba. Rumfar da ake iya rubuta suna da yatsa a kan benci bayan aikin awa ɗaya ba ta buƙatar ma'auni a gane ta wuce nan.

Wannan na nesa ne. Na kusa shi ne abin da wasu itatuwan Kudu ke yi cikin kwanaki ko watanni. Ƙurar loko sananniya ce wajen haddasa ƙaiƙayi da kumburin fata da fuka. Obece, farin katakon nan marar nauyi da kafintoci ke so, yana cikin itatuwan da aka fi danganta su da asma ta wurin aiki. Mansoniya, mai launin ƙasa-ƙasa da ake yin ƙofofi da ita, ƙurarta na kawo atishawa da haɓo da jiri, tana kuma ɗauke da sinadarin da ke taɓa bugun zuciya. Gwaska, 'yar'uwar samberu, wadda a da ake shayar da ruwan ɓawonta ga wanda ake tuhuma, ana sayar da katakonta don ƙarfinsa, ƙurarta kuma na fusata hanci da maƙogwaro.

Mugun halin irin wannan ciwo shi ne ba ya nuna kansa ranar farko. Jiki kan yi watanni yana haƙuri da itacen, sai rana ɗaya ya ƙi shi, daga nan kuma ko ƙura kaɗan ta isa ta toshe ƙirji. Mai aiki zai je asibiti ko shagon magani ya ce sanyi ne, a ba shi maganin tari. Ko ma'aikacin lafiya ya tambaye shi wane itace yake aiki da shi, amsar da zai bayar ita ce wadda aka ba ni a kasuwa. Alama ɗaya da kowa zai iya lura da ita: idan tari da shessheƙa na lafawa ranar Juma'a ko lokacin hutun salla, su dawo da an koma aiki, to a duba rumfa. Takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare wannan ƙura. Mai tacewa irin N95 ake buƙata, wanda ya zauna daram a fuska, tare da juya inji yadda iska za ta ɗauke ƙurar daga mai aiki. Yara masu koyo, waɗanda galibi su ake bar wa goge-goge da shara, su suka fi kowa shaƙa.

Abin da ke shiga tuwo

Ƙafar gado ba ta shiga bakin kowa. Turmi da taɓarya da muciya da akushi kuwa kullum suna cikin abinci, kuma kullum suna ɗan cinyewa a cikinsa. Ba kowane baƙon itace ke da guba ba, ko a gwaska ma gubar ta fi taruwa a ɓawo da 'ya'ya da ganye. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne katakon da aka yi wa magani. Turakun wutar lantarki da katakon layin dogo ana dafa su da baƙin sinadari mai warin kwalta, ko da wani mai ɗauke da gubar asanik wanda ke barin launin kore-kore a jiki. Kafintoci na shafa wa katakon rufi baƙin mai ko maganin gara. Katakon da ake ɗora kayan kwantena a kai yana zuwa da tambari: HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, MB kuwa da hayaƙin guba. Guntayen duk waɗannan na yawo da araha, kuma bayan inji ya feƙe bayansu aka shafa mai, ba mai iya gane su da ido. Itacen da ba a san bishiyarsa ba, ba a kuma san inda ya yi aiki a baya ba, wurinsa ƙafar kujera, ba madafa ba.

Madobiya, maɗaci da doka

Akwai jan itace guda da ya kamata mai sana'a ya iya ganewa ko don sanin abin da ke hannunsa. Madobiya ce, wadda masana tsirrai ke kira Pterocarpus erinaceus, 'yan kasuwa kuma ke kira koso. Makiyaya sun san ganyenta, abincin shanu ne a rani. Idan aka sare ta tana zubar da jan ruwa kamar jini. Tana cikin jerin itatuwan da China ta amince a yi kayan ɗakin alfarma da su, wannan ya sa a tsakiyar shekarun 2010 aka yi mata sarar ƙare-dangi, musamman a Taraba da Kogi. Daga Janairun 2017 ta shiga jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A Nuwamban wannan shekarar ƙungiyar EIA mai binciken laifukan muhalli ta yi zargin cewa an ba wa gungume kusan miliyan 1.4, na kimanin dala miliyan 300, takardun izini bayan sun riga sun bar Najeriya. Hukumomin da abin ya shafa sun musanta aikata ba daidai ba. A 2018 CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya. A taron Panama na Nuwamban 2022 kuma aka ƙara maɗaci da kawo da danginsu na Afirka a jeri na biyu.

Yarjejeniyar ba ta hana masassaƙin Rabah yin turmi ba. Gungume da katakon da ke ƙetare iyaka take kula da su, sarar bishiya a cikin gida kuwa tana ƙarƙashin dokokin gandun daji na jihohi. Amma gabashin Sakkwato maƙwabcin Nijar ne, kaya na shiga suna fita. Sannan akwai batun farashi: wanda bai san yana riƙe da madobiya ba zai sayar da ita a kuɗin “jan katako”, wanda kuma aka sayar wa wani jan itace da sunan madobiya zai biya kuɗin da bai kamata ba.

Najeriya ba ta rasa masu sanin itace ba. Cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa, FRIN, tana Ibadan tun shekarun 1950, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma na da sashen nazarin gandun daji a nan Sakkwato, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Wurno. Masanin katako yana iya gane itatuwa da yawa da wuƙa mai kaifi da ɗan gilashin ƙara girma, ta duban ramukan da ke bakin yanka. Allo guda mai ɗauke da guntayen itatuwa ashirin da aka fi kawowa, kowanne da sunansa na Hausa da na Yarabanci da na kasuwa, da alamar wanda ƙurarsa ke cutarwa da wanda bai dace da abinci ba, idan aka rataye shi a wurin 'yan katako zai yi aikin da taron bita goma ba zai yi ba. Ƙungiyoyin 'yan katako da sarakunan sassaƙa na da ikon da za su ce duk lodin da ya sauka a faɗi sunan itacen da jihar da ya fito.

Kafin wannan ya samu, mai injin da baƙon gungume ya faɗo hannunsa yana da 'yan dabaru. Ya tambayi direba da dillali sunan itacen da harshen inda aka saro shi. Ya yanki guntu ya jefa a ruwa ya ga ko zai nutse. Ya ƙwanƙwasa gungumen ya saurara, mai ɓoyayyar tsaga amonsa a dushe yake. Ya fara da ƙaramin abu, a mafi ƙarancin gudu, ya tsaya a gefe lokacin da yake kunna inji. Ya yi aikin ɗan lokaci ya dakata, ya lura da hancinsa da idonsa da fatar hannunsa har kwana biyu. Abin da ya murza kuma ya ajiye shi ya ga hunturu ɗaya kafin ya sayi lodi.

Turmin da na saya wa ƙanwata a madadin wancan na dogon yaro ne, sassaƙar hannu, baki ɗan karkace. Mai shi ya gaya mini bishiyar, da gonar da iska ta kayar da ita, da watan da abin ya faru. Ƙorafinta guda shi ne furar farko ta yi ɗaci, sai da aka jiƙa turmin aka daka dusa a ciki har sau uku.